Yadda Ake Girka Abincin Sabuwar Shekara na Jihohin Kudancin Ƙasar Amurka: Wake da Shinkafa, Ganye da Burodin Masara

Ranar 1 ga Janairu, duk gidan da aka leƙa a ƙananan garuruwan Karolina ta Kudu, Jojiya ko Alabama, da wuya a rasa abu uku a kan tebur: wake da shinkafa da suke kira Hoppin' John, dafaffen ganyen kolad (wani ɗan'uwan kabeji), da burodin masara da aka gasa a baƙin kasko. Tsofaffinsu kan ce waken sulalla ne, ganyen takardun dala, burodin kuma zinariya, wai wanda ya buɗe shekara da su ba zai yi babu ba. Wannan camfinsu ne, mu dai girkin muka zo koya. Kuma ba sai sabuwar shekara ba, irin cimar nan ce ake jerawa ranar Lahadi in an taso daga coci, 'ya'ya da jikoki su hallara gidan kaka.

Uwargida, rabin aikin nan kin riga kin iya shi. Waken da suke dafawa shi ne farin wakenmu mai baƙin hanci, daga Afirka ta Yamma ya tsallaka teku zamanin cinikin bayi, kuma har gobe Najeriya da Nijar ne kan gaba a nomansa a duniya. Kusan kashi 40 cikin ɗari na bayin da aka kai Amurka ta Arewa ta tashar jiragen ruwa ta Charleston da ke Karolina ta Kudu suka sauka, da yawansu daga ƙasashen da suka gwanance a noman shinkafa kamar Senegal, Gambiya da Saliyo. Su suka yi wa masu gonakin bakin tekun Karolina noman shinkafa, su kuma suka riƙe wa kansu tukunyar wake da shinkafa. Jikokinsu, waɗanda ake kira Gullah, suna nan a tsibiran yankin. A 1847 aka fara buga yadda ake wannan girki a wani littafin girke-girke na Charleston. Ranar ma tana da nauyi a wurinsu: daren 31 ga Disamba na 1862 baƙaƙen fata suka kwana a majami'u suna jiran shelar 'yanta bayi ta Shugaba Lincoln ta fara aiki da wayewar gari, kuma har yau ana raya wannan dare, da safe a ci wake.

To amma kada kusancin ya ruɗe ki ki mai da shi garau-garau. Namu da mai da yaji yake tashi. Nasu ba manja, ba jajjage, ba a barbaɗa masa yaji a sama. Ɗanɗanonsa gaba ɗaya daga romon kyafaffen nama yake fitowa, sai ɗan tsami a ƙarshe. Romo ɗaya ne zai dafa waken, ya dafa shinkafar, ya dafa ganyen. In romon ya yi kyau an gama, in ya yi salam babu dabarar da za ta ceci sauran.

Maganar nama

A asali da kyafaffiyar ƙafar alade suke yi. Amma gidaje da yawa a can, musamman na baƙaƙen fata, sun daɗe da komawa kyafaffen talo-talo, wasu don addini, wasu don gudun kitse. Saboda haka in kin yi da talo-talo ba ki kauce hanya ba. Ki nemi fukafukai, wuya ko cinya, kamar kilo 1. Wurin da ke da ƙashi da fata ya fi, don su ke ba romo kauri. In babu kyafaffe a kusa, ki kyafa da kanki: ki shafe naman da gishiri da masoro, ki ɗora a waya a kan garwashin da ya lafa, ki jefa 'yan ɓarɓashin busasshen icen mangwaro ko gwaiba don hayaƙi, ki kife da tsohuwar tukunya, ki riƙa juyawa har awa 1 da rabi. Ba gashi ake so ba, hayaƙi ake so ya shige shi har fatar ta yi ja mai duhu. Tsohuwar kazar gida ko ƙashin haƙarƙarin sa duk suna yi. Bandar kifi kam ki ajiye ta wa miyar kuka, za ta kai girkin wata ƙasa daban.

Awon da zan bayar na mutum 6 zuwa 8 ne. Duk inda na ce kofi, ina nufin mai cin mililita 240.

Tun daren jiya

Ki tsince wake kofi 2, wato kamar giram 400, ki wanke, ki jiƙa a ruwa mai yawa ya kwana. Kada ki surfa shi, da ɓawonsa ake so. In kin manta, ki tafasa shi minti 2, ki sauke, ki rufe ya yi awa 1, ya wadatar.

Akwai kuma ruwan barkono mai tsami da ba a raba teburin Kudu da shi. Wannan ya fi son a yi shi da mako guda kafin ranar. Ki cika ƙaramar kwalba mai tsabta da ɗanyen barkono ƙanana, ki ɗan tsaga kowanne da wuƙa, ki ɗumama ruwan khal da ɗan gishiri ki zuba har ya rufe su, ki toshe. Ruwan ake yayyafawa a ganye, barkonon yana zaune a kwalba, in ruwan ya ja baya a ƙara wani.

Romo: awa 3 kafin cin abinci

Ki sa naman a babbar tukunya da ruwa lita 3 da rabi, albasa babba 1 da aka raba biyu, tafarnuwa ƙwaya 4 da aka ɗan daddaka, busasshen barkono 2, da ganyen bey 2, irin wanda ake sa wa dafa-duka. Kada ki sa gishiri tukuna, kyafaffen nama yakan zo da nasa. In ya tafasa ki kwashe kumfar, ki rage wuta sosai, ki bar murfin a ɗan karkace. Awa 1 zuwa 1 da rabi, har naman ya fara saki daga ƙashi. Wuta mai ƙarfi tana dagula romo ta kuma ƙone ruwan a banza.

Ki tsame naman, in ya huce ki zazzage shi, ki raba biyu: rabi na wake, rabi na ganye. Ki tace romon. Ya kamata ki samu kamar lita 2 da rabi. Yanzu ki ɗanɗana ki daidaita gishiri, ya ɗan fi na farfesun da za a sha kaɗan, don wake da shinkafa za su tsotse. Dunƙulen ɗanɗano ba dole ba ne. Ni a ganina ma yana danne ƙamshin hayaƙin da aka sha wahalar samu.

Ganye shi ke fara hawa wuta

Kolad ɗan'uwan kabeji ne, jinsinsu ɗaya, sai dai shi ba ya dunƙulewa, ganyensa faffaɗa ne, kore shar, mai kauri. A Kudu amfanin sanyi ne, suna cewa sai raɓar ƙanƙara ta taɓa shi yake zaƙi, shi ya sa yake kan ganiyarsa a Disamba da Janairu. Karolina ta Kudu ta ayyana shi ganyen jiha a 2011. In kin samu kolad ko kel a manyan kantuna, madalla. In ba ki samu ba, ki je wurin masu kabeji ki nemi koren ganyen waje, wanda suke ɓarewa su yar ko su ba dabbobi. Shi ya fi komai kusa da kolad, kuma kusan kyauta za a ba ki. Farin cikin kabejin ba zai yi ba, alayyahu ma haka, minti 10 ya narke.

Kilo 1 da rabi za ki nema. Zai yi miki kama da ya yi yawa, amma in ya sha wuta sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wanki shi ne babban aikin. Ki cika baho da ruwa, ki zuba ganyen, ki girgiza, ki tsame shi sama ki zubar da ruwan. Tsamewa ake yi, ba a tsiyayewa, don in kin tsiyaye yashin da ya kwanta zai koma kan ganyen. Sau 3 aƙalla, har ki shafa gindin bahon ki ji ba tsakuwa. A can matar da aka ci yashi a ganyenta takan daɗe ana ba da labarinta a taron dangi.

Sai ki naɗe kowane ganye biyu, ki zare jijiyar tsakiya. Ki jera guda 6 ko 7, ki naɗe su kamar tabarma, ki yanka faɗin yatsa biyu. Kada ki yi masa yankan miya, manya ake so.

A wata tukunya ki soya yankakkiyar albasa 1 a man shanu ko man gyaɗa cokali 2 har ta yi laushi, ki zuba romo lita 1 da rabin naman. In ya tafasa ki riƙa zuba ganyen hannu-hannu, wanda ya kwanta ki ƙara wani. Ki rufe, ki rage wuta. Kolad na gaske yana cin awa 1 zuwa 1 da rabi, ganyen kabeji minti 40 zuwa 50. Launinsa zai tashi daga kore shar ya koma kore mai duhu, kada hankalinki ya tashi, haka ake so. Alamar nuna ita ce ki matse yanki tsakanin yatsu ya saki ba tare da ya zama dusa ba. Saura minti 10 ki zuba khal cokali 2. In akwai ɗaci, ƙaramin cokali 1 na sukari zai kashe shi.

Ruwan da ya rage a gindin tukunya kada ki kuskura ki zubar. Sunansa potlikker, kuma a wurinsu ya kusa fin ganyen daraja, don wani kaso na amfanin ganyen a cikinsa ya narke. A 1931 gwamnan Luwiziyana Huey Long da editan jaridar Atlanta Constitution sun shafe makonni suna muhawara a shafukan jarida kan abu ɗaya: shin tsoma burodin masara ake yi a romon, ko marmasa shi ake yi a ciki? Gwamna ya tsaya a kan tsomawa. Mutane suka yi ta aiko da wasiƙu, ana tsakiyar matsin tattalin arziki, kowa ya samu abin dariya.

Wake da shinkafa

Da ganye ya hau, sai ki koma kan wake. Ki tsiyaye ruwan jiƙon, ki zuba waken a sauran romon, lita 1 da rabi, in bai rufe shi da yatsa uku ba ki ƙara ruwa. Ki dafa a wuta matsakaiciya minti 30 zuwa 45, ya danganta da sabo ne ko tsoho. A nan hannu zai so ya kai ga kanwa. Ki hana shi. Kanwa tana farfasa wake, ta rina romo, ta kawo wani ɗanɗano da ba na girkin nan ba. Waken ya nuna amma kowane ƙwaya yana tsaye da kansa, shi ake nema. Ki fara dubawa tun minti 25.

Da ya nuna ki tace shi, ki ajiye ruwan. Wannan ruwa shi zai dafa shinkafa, kuma a nan mutane da yawa ke yin kuskure, har a Amurkan: su dafa farar shinkafa daban, su kwarara mata wake a kai. Wannan ma abinci ne, amma mutanen bakin tekun Karolina ba za su kira shi Hoppin' John ba. Nasu shinkafar a cikin ruwan wake take nuna, ta ɗauki launinsa.

Shinkafa kofi 1 da rabi, doguwa, ki wanke har ruwan ya fita fari tas. A can wadda suke alfahari da ita ita ce Carolina Gold, wadda nomanta ya kusa ɓacewa bayan farkon ƙarni na 20, aka farfaɗo da ita a shekarun 1980. Da ita da wani ɗan jan wake na tsibiran aka san girkin tun asali, don haka in jan wake ne a gidanki, ki yi da shi ba fargaba. Shinkafar gida mai kyau da aka tsince ta fi wadda aka turara ta kanti shan romo, amma kowacce za ta yi.

A tukunya mai kaurin gindi ki zuba mai cokali 2, ki soya albasa 1, koren tattasai 1, da sandar seleri 2 in akwai, duk yankakku ƙanana, minti 6 zuwa 8. Ki ƙara tafarnuwa 2, rabin ƙaramin cokali na tayim da masoro kaɗan. Ki zuba shinkafar ki juya minti 2 har mai ya game ta. Sai ruwan wake kofi 2 da rabi, ko 3 in turararriya ce. In ya tafasa ki zuba waken da sauran naman a sama, kada ki juya. Ki rufe ruf, ki mai da wuta can ƙasa, minti 18 zuwa 20. Kada ki buɗe ki leƙa. Ki sauke, ki bar ta a rufe wasu minti 10, sannan ki ɗaga ta da cokali mai yatsu a hankali har wake da shinkafa su haɗu. Warwar ake so, ludayi kuwa dama ta zai yi. Ruwan waken da ya saura ki zuba a ɗan kwano, mai son nasa da laima ya ƙara.

Burodin masara: minti 40 na ƙarshe

Shi ake yi a ƙarshe don da zafinsa ake ci. Kaskon baƙin ƙarfe mai nauyi, faɗin santimita 25, shi ne sirrin. A Kudu irin kaskon nan gado ne, uwa ta bar wa 'ya, kuma akan yi rigima a kansa in an zo rabon kaya. Kamfanin Lodge yana ƙera shi tun 1896 a South Pittsburg, wani ɗan gari a jihar Tenesi mai mutum kamar dubu 3, inda duk watan Afrilu ake bikin burodin masara.

Garin masara kofi 2. Kada ya yi laushin garin tuwo, kada kuma ya kai tsakin fate. Ki ce wa mai inji ya saki niƙan kaɗan, ki ji yana ɗan ƙaiƙayi a yatsa. Fara ko ja duk ɗaya, ko da yake a yawancin Kudu fara aka fi so. Ki haɗa da gishiri ƙaramin cokali 1, bekin foda ƙaramin cokali 1, bekin soda rabin ƙaramin cokali. A wani kwano ki kaɗa ƙwai 2 da nono mai tsami kofi 1 da rabi. Nan mun fi su sa'a: abin da kakanninsu ke amfani da shi shi ne nonon da aka kaɗe aka cire masa mai, wanda yanzu da wuya su same shi a kanti, mu kuwa yana cikin ƙwaryar 'yar Fulani. Ki tabbata dai ba a sirka shi da ruwan kuka ba. In kindirmo ne ki sassauta shi da ruwa kaɗan. Tsamin nonon ne ke tayar da sodar, in kin sa madara zalla burodin zai kwanta ya yi ɗaci.

Ki kunna obin ya kai 220 a ma'aunin Selshiyos, ki sa kaskon a ciki da man shanu cokali 4 ya yi minti 10. Sai kaskon ya yi zafi sannan ki haɗa ruwa da gari, juyi kaɗan, ko da 'yan gudaji ba komai. Ki fito da kaskon da tsumma mai kauri, ki juye rabin man a ƙullin ki gauraya, ki zuba ƙullin a kaskon. Dole ki ji ya yi cuuu, gefen ya fara soyuwa nan take. In shiru kika ji, kaskon bai yi zafi ba, burodin zai manne kuma ba zai yi ɓawon da ake yinsa dominsa ba. Minti 20 zuwa 25, har sama ta yi ja, gefe ya janye daga kasko. Ki kife shi a faranti, gindin ya koma sama.

Sukari fa? Nan ne ake ɓatawa. Da yawa daga mutanen Kudu na cewa da an sa sukari ya zama kek, wasu gidajen kuma, musamman na waɗanda suka yi ƙaura zuwa Shikago da Detroit cikin baƙaƙen fata kusan miliyan 6 da suka bar Kudu tsakanin shekarun 1910 da 1970, da zaƙi suka san shi. Ni ina bayan marasa sukari, don aikinsa shan romon ganye ne, zaƙi kuma ba ya jituwa da wannan romo. In yara ne za su ci da shayi, cokali 1 ba zai kawo ƙarshen duniya ba.

Wadda ba ta da obin ta ɗora kaskon a garwashi kaɗan, ta rufe da murfin ƙarfe, ta zuba garwashin da ya fi yawa a kan murfin, ta riƙa juya kaskon duk minti 5. Haka aka yi ta yi a Kudu kafin murhun zamani. Ko kuma ta ɗan ƙara wa ƙullin nono ta soya shi ludayi-ludayi a kasko mai ɗan mai, minti 3 kowane gefe. Wannan ma tsohon girkinsu ne.

Zubawa

Ba a zuba wa kowa nasa a kicin. Tukwane ko manyan kwanuka ake jerawa a tsakiya, babba a gidan ya yi addu'a, sannan a riƙa miƙa kwano daga hannu zuwa hannu. Ganye a ɗan kwano mai zurfi da romonsa, shinkafa a faranti, burodi a yanka shi tsinin-tsinin a shafa man shanu. A gefe a ajiye yankakkiyar ɗanyar albasa da kwalbar barkonon nan. Abin sha baƙin shayi ne mai sanyi da sukari da ƙanƙara, kuma tun yana da zafi ake narka sukarin.

Abin da ya kwana na wake da shinkafa suna kiransa Skippin' Jenny. Ki ɗumama shi a kasko da ɗan mai da cokali 2 ko 3 na ruwan wake, ki soya ƙwai ki ɗora. Ganyen ya fi daɗi a rana ta biyu, kuma yana kwana 3 a firij cikin romonsa. Kaskon kuwa kada ki jiƙa shi ya kwana: ki goge shi da ɗumi, ki ɗauraye, ki busar a kan wuta, ki shafa masa mai kaɗan kafin ki rataye.